Allon da na kafa a Mararaba

Kun sha tambayata dalilin da ya sa Kawu Ishaku ya daina zuwa gidanmu, ni kuma na sha ba ku amsar da ba amsa ba ce. Wani lokaci in ce aiki ne ya yi masa yawa, wani lokaci in ce ai kun san halin mutanen yanzu. Har na taɓa jin ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana ce masa butulu muna tsakiyar cin abinci, na ji da kunnena, na ci gaba da cin tuwona. Don haka ko kun tsallake babin makarantu da na ma'aikata, waɗanda ni kaina da na sake karantawa sai da na yi hamma, wannan kam ku zauna ku karanta shi har ƙarshe.

A lokacin muna zaune a Garki ta Abuja, a gidajen ma'aikata, saura mini shekara biyu in yi ritaya daga sashen yaɗa labarai. Shekarun tsoro ne. Mutum mai gemu ya shiga banki sai ka ga kowa yana gyara tsayuwa, masu gidajen haya kuwa wasu da sun ji sunanka sai su ce an riga an kama ɗakin. Ni duk wannan ina jin sa ne a bakin mutane, don ina da motar ofis da katin aiki a wuya, har ranar da yayarku Amina ta dawo daga Utako da jajayen idanu. Ta shiga motar haya da hijabinta da jakar littattafai, sai mata biyu suka sauka, direba ya juyo ya roƙe ta ita ma ta sauka don kada ya rasa fasinja. Ba ta yi kuka a gabana ba, ta dai ce mini daga yau ba za ta ƙara riƙe jaka ba. Wannan maganar ce ta kai ni cikin wani kwamiti na 'yan kasuwa da ma'aikata da suka haɗu don a yi wani abu, kuma da yake ni mai baki ne tun ina yaro, zama biyu kawai aka yi suka ɗora mini aikin gaba ɗaya.

Shawarata ce a kafa manyan allunan talla a gefen titi. Ba aya, ba wa'azi, ba hoton masallaci. Fuskar mutum ɗaya kawai, da sunansa, da sana'arsa, sai a rubuta a ƙasa da Turanci da Hausa cewa shi maƙwabcinka ne kuma Musulmi ne. Na samu wata malamar firamare, na samu wani direban tasi, amma zuciyata tana kan mutum na uku, kuma na san ko wane ne tun kafin in faɗa wa kwamiti.

Ishaku nas ne a wani asibiti, yana haya a ɗakin baya na gidan da ke jikin namu. Ku kun san shi da alawa da kuma allurar da kuke gudu, ni kuwa na san shi da awon hawan jinina duk Asabar, ba ya karɓar ko sisi, sai dai Mamanku ta tilasta masa cin abinci. Mutumin wani ƙauye ne a kan duwatsun tsakiyar ƙasar nan, a gidan Kirista aka haife shi, kuma shekara huɗu kafin wannan magana ya karɓi Musulunci a masallacin unguwarmu, ina sahun gaba ranar. Sunansa bai buƙaci canji ba, don haka a garinsu babu wanda ya sani. Mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, jigo ce a cikin matan cocinsu, kuma ta rasa ƙaninsa a wani rikici da aka yi a yankinsu, irin wanda kowane ɓangare ke binne nasa yana zargin ɗayan. In ya je gida a gona yake sallarsa. Duk na san wannan. Abin da na hango kawai shi ne fuskarsa: ba ta Bahaushe ba ce, ba ta Bafulatani ba ce, fuskar da Kiristan da ke gudun Amina zai kalla ya ga ɗan'uwansa. A sana'ata ba a samun irin wannan kullum.

Na tare shi da maganar wata Asabar, bayan ya kwance abin awon daga hannuna. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi ƙasa da kai.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Mama bai sani ba har yanzu."

Haka Hausarsa take, wani lokaci mace da namiji sukan zama ɗaya a bakinsa. Na ce masa ai Abuja daban, ƙauye daban.

"Na sani, oga. Amma na riga na yi niyya, wannan Kirsimeti in na je zan zaunar da ita in faɗa mata. Ina so ta ji daga bakina. Bayan nan ko a jikin jirgin sama za ka sa hotona, ka sa."

Muna watan Oktoba a lokacin. Wata biyu ya nema. Kwamiti kuwa ya riga ya kama wuraren alluna, ni kuma na riga na cika baki a gabansu cewa ina da mutumin da zai girgiza garin. Sai na yi abin da kowane Bahaushe ya san ana yi idan ana so a ɗaure mutum: ban sake tambayarsa ni kaɗai ba. Bayan sallar La'asar na ja Malam Liman gefe, na ba shi rabin labarin, rabin da ya dace da ni, na haɗa da dattawa biyu muka nufi ƙofar Ishaku. Ku da kuka tashi a Abuja wataƙila ba za ku gane nauyin wannan ba. Limamin da ya laƙanta maka kalmar shahada ya tako da ƙafarsa zuwa ɗakinka, ya cire takalmi ya zauna a kan tabarmarka, ya ce alfarma ya zo nema saboda addini, ina bakin da za ka ce a'a da shi? Na san babu. Shi ya sa ma na kai shi.

Ishaku ya kawo musu ruwa, ya durƙusa a gefe. Liman ya yi magana mai daɗi a kan ladan wanda ya tsaya wa 'yan'uwansa. Da ya gama, Ishaku bai dube shi ba, ni ya duba.

"To, Malam, na yarda. Amma Alhaji, a cikin gari kawai. Garki kawai. Don Allah."

"Garki kawai," na ce, "na yi maka alƙawari."

Aka shafa fatiha. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Allunan sun tashi a farkon Nuwamba, kuma gaskiya ta sa in ce sun yi kyau. Na Ishaku ya fi duka: farar rigar aiki, abin sauraron ƙirji a wuya, da wannan murmushin nasa na mai jin kunya. Kwana uku ba a yi ba garin ya ɗauka. Abin da ban zata ba shi ne sukar ta fi fitowa daga namu. Wasu suka ce mun ƙasƙantar da kanmu, a ƙasarmu ta haihuwa muna roƙon a yarda mu mutane ne. Wasu suka ce hoto haramun ne, balle na mace a bakin titi, malamar firamaren nan sai da ta kashe wayarta mako guda. A ɗaya ɓangaren wasu suka ce wa'azi ne aka shigo da shi ta bayan fage. Wani Kirista ma'aikacin ofishinmu ya tsayar da ni a matakala ya tambaye ni, cikin ladabi, wa zai kafa musu irin wannan allon a garuruwan da ake hana su filin coci. Tambaya ce mai kyau. Na yi masa dariya na ce ya kafa nasa kwamitin, na wuce. Akwai kuma waɗanda suka ji daɗi, wata mata mai sayar da abinci a kusa da ofis ta ce mini ta tsaya ta karanta allon har sau biyu. Ni dai a kwanakin nan ba na tafiya, yawo nake a iska, kowace jarida na buɗe ina neman sunana.

Sai aka gayyace ni wani shirin safe a rediyo, irin wanda masu sauraro ke bugo waya. Aka zaunar da ni da wani fasto da wani lauya Musulmi. Na shiga da shirin faɗa da faston, sai ya zama shi ne mai sauƙin, har ya ce zai yi maganar allunan a huɗubarsa. Lauyan ne ya same ni. Matashi ne, ɗan gayu, yana magana yana wasa da makullin mota.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ina da tambaya ɗaya. Wa ke ƙin Musulmi a Garki? Daraktoci ne da 'ya'yan daraktoci, kowa a cikin mota mai sanyi. Talakan da ake hana ɗaki yana can Mararaba, a wajen gari. Kun kafa alluna inda abokanku za su gani su tafa muku, shi ke nan. Wannan ba yaƙi da ƙiyayya ba ne, kwalliya ce."

Mai gabatar da shirin ya yi dariya. Dariyar nan ce ta kashe ni. Na ji kaina ya yi zafi, na matso da bakina kusa da abin magana.

"Barista, ka bi ta Mararaba ranar Litinin mai zuwa, ka ɗaga kanka sama."

Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san ko akwai wurin allo a can ba. Na fito na yi ta buga waya har aka samo mini ɗaya, babba, daidai inda cunkoson motoci ke tsayar da kowa safe da yamma. Sai maganar hoton wa za a sa. Malamar ta ce ta gaji, kada a ƙara. Direban tasin hotonsa bai fito sosai ba, kuma da hularsa da gemunsa shi ne ainihin wanda mutane suka saba gani. Na zauna a ofis da hotuna biyu a gabana na kusan awa guda, ina yi wa kaina bayani irin wanda na saba yi wa jama'a a madadin gwamnati. Na ce alherin da za a samu ya fi. Na ce tsohuwa tana can bayan duwatsu. Na ce saura 'yan makonni ne ma ya faɗa mata. Na sa hannu.

Mamanku ta ji ni ina ba masu bugawa umarni a waya. Tana yankan alayyafo, ta ajiye wuƙar.

"Alhaji, hoton wa za a kai Mararaba?"

Na faɗa mata.

"Ka gaya masa?"

"Zan gaya masa."

"Motar garinsu ta ina take bi?"

Ni ma na sani. Duk mutumin yankinsu da ke aiki a Abuja a Mararaba yake kwana, a nan yake shiga motar gida.

"Hajiya, tsohuwar nan ko karatu ba ta yi."

"Ba ta karatu, amma ta san fuskar ɗanta. A gaban Liman ka yi wa yaron nan alƙawari. Ka kira su ka ce su dakata."

Na ce mata ba ta san yadda aikin yake ba, na faɗa a rediyo duniya ta ji, so take a ce Alhaji ya yi ƙarya? Ta yi mini kallon da na sani tun muna amarya da ango, ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. Ban kira su ba, kuma ban gaya wa Ishaku ba. Asabar ɗin nan da ya zo awo na ce a ce masa na fita, ina kwance a ɗaki ina jin muryarsa yana wasa da ku.

Lauyan ya bugo mini ranar Litinin ya ce ya sara mini. Kwana biyu na yi ina maimaita wa mutane wannan. A rana ta biyar wani ɗan garin su Ishaku, mai sayar da kayan gini, ya ɗauki hoton allon a waya, ya tura gida yana tambaya ko wannan ba ɗan Mama Rifkatu ba ne. Ranar Lahadi aka nuna mata.

Ishaku bai zo ya yi mini faɗa ba. Ya ɗauki hutu ya tafi gida, ya yi kwana huɗu. Da ya dawo ni na je ɗakinsa, wannan karon ni kaɗai, na riga na sa an sauke allon, na zo da wannan labarin kamar wani abin kirki. Na same shi yana goge takalmin aiki. Ya ba ni kujera, ya gaishe ni yadda ya saba. Na tambaye shi ko mahaifiyarsa ta kore shi.

"Ba ta kore ni ba, Alhaji. Da ma ta kore ni."

Ya ce da ya isa ta fito ta yi masa sannu da zuwa. Ta aika kasuwa aka sayo sabuwar tukunya da sabon kwano. Ta aika aka kira mahauci Musulmi daga bakin hanya ya yanka masa kaza. Ta sa aka share ɗakin baƙi, aka ajiye masa buta da ruwa, ta tambayi maƙwabta ina ne gabas don a gyara masa shimfiɗa.

"Tun da aka haife ni akwai sunan da take kirana da yarenmu, ita kaɗai. Kwana huɗun nan Malam Ishaku take ce min. Malam Ishaku ga abinci. Malam Ishaku a sauka lafiya."

Na fara ba shi haƙuri, kalmomi suna zuwa mini da sauƙi kamar kullum. Ya ɗaga hannu.

"Na yafe, oga. Wallahi na yafe. Amma ka bar maganar."

Mamanku ce ta ce yafewar Ishaku ba ta isa ba, akwai wadda ban nema ba. Ita ta sa muka kama hanya bayan sabuwar shekara, ni ke tuƙi har muka hau duwatsun. Mama Rifkatu ta san mu, don ta taɓa zuwa Abuja aikin ido, Mamanku ta yi ta aika mata da kunu. Mun same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta rungume Mamanku, ni kuma ta sa aka kawo mini kujera. Na ƙi zama a kai, na tsuguna a gabanta na faɗa mata komai, har zuwan Liman, har rediyon. Ba ta daina tsintar wakenta ba sai da na kai ƙarshe.

"Ya ce min wai da ma zai faɗa min a Kirsimeti. Gaskiya ne, ko don in ji sanyi ya faɗa?"

"Gaskiya ne, Mama. Da bakinsa ya gaya mini, ya roƙe ni in jira."

Ta ajiye faifan a cinyarta.

"To da ka jira, ɗana. Da na yi kuka, da na zage shi, wataƙila in yi wata ban yi masa magana ba. Amma da ni da shi ne a ɗaki. Ka san inda aka nuna min? A ƙofar coci, mun fito sujada, mata sun kewaye ni kowa yana kallon bakina. Direbobi sun sani, masu sayar da lemo a hanya sun sani, ni da na haife shi ban sani ba. Sai na ce musu ai na sani tuntuni, ɗana ba ya ɓoye min komai. Na yi ƙarya a ƙofar ɗakin Ubangiji, da tsufana."

Shekara talatin ina amsa tambayoyin 'yan jarida, ba a taɓa ƙure ni ba. Sai ranar. Mamanku ce ta yi kuka a madadinmu duka. Da za mu tafi tsohuwar ta ce ba ta riƙe ni a zuciya ba, ta raka mu har mota, ta sa mana albarka a hanya. Na so a ce ta zage ni.

Ban san ko allunan sun sauya zuciyar kowa ba. Wasu sun ce sun taimaka, wasu sun ce surutu kawai suka jawo, bayan wata biyu aka liƙa tallan wani abin sha a wurarensu, garin ya koma musu a kan wani batun. Har yau ina ganin dalilin yin su gaskiya ne, abin da aka yi wa Amina ba daidai ba ne, kuma da za a sake ni ma zan sake tsayawa. Amma na fita in nuna wa baƙi cewa Musulmi maƙwabcin kirki ne, maƙwabcina na jikin katanga kuwa na karya masa alƙawari don kada wani yaro mai makullin mota ya yi mini dariya. Ishaku ya nemi canjin wurin aiki kafin azumi ya koma wani asibiti kusa da garinsu. Ya zo ya yi wa Mamanku sallama, ya bar mata sunan wani nas da zai riƙa duba ni. Bai ɗauki komai namu ba, mu ne muka ɗauki nasa.

Mama Rifkatu ta yi shekara uku bayan nan. Ishaku ne ya yi jinyarta har ƙarshe, shi ke juya ta, shi ke ba ta magani. Da labarin rasuwarta ya zo na kira shi. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Ya kamata in tsaya a nan. Amma ina neman abin da zan sauke wa kaina nauyi da shi, sai na tambaye shi ko sun shirya kafin ta cika, ko ta koma kiransa da wancan sunan.

Ina jin hayaniyar masu zaman makoki a bayansa.

"Ta yi min addu'a sosai, Alhaji," ya ce. "Amma har ta rasu Malam take ce min."